Ranar da Malam Ya Ce Shi Zai Yanka Dutsen Kicin

Murhun gas ɗin ya iso gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi a bayan wata akori-kura, kyauta daga babbar 'yarmu da ke aure a Kaduna. Babba ne, mai tanda a ƙasa. Masu dako suka shigo da shi kicin, suka tura shi gurbin tsohon, ya ƙi shiga. Suka karkata shi, suka juya, ya ƙi. Dutsen giranait da aka shimfiɗa a kan kantar kicin tun muna gina gidan ya zarto cikin gurbin da kamar faɗin yatsu biyu. Suka ajiye mana shi a tsakiyar kicin suka yi tafiyarsu.

Maigidana, wanda nake kira Malam, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun aurenmu ban taɓa ganin mai gyara ya shigo gidanmu ba sai in aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Famfo, fanka, ƙofar da ta sauka, duk shi ne. Shekarar da ta gabaci wannan hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Allah ya tashi kafaɗarsa, ya koma tafiya masallaci da ƙafarsa, amma hannun hagun bai dawo daidai ba. In ya riƙe kofi sai ka ga shayin yana rawa. Ba ma zancen hannun a gidan. Yara sun sani, ni ma na sani.

Malam ya zo ya tsaya a gaban dutsen, ya shafa bakinsa da babban yatsa.

"Wannan ai ba wani aiki ba ne," ya ce. "Ɗan sara kawai za a yi masa."

Washegari da na tashi daga makarantar da nake koyarwa, na hau adaidaita sahu zuwa Tarauni, inda masu sayar da tayil suke, na yi tambaya har aka nuna mini wani mai aikin dutse. Na nuna masa hoto a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yanka dutsen da an riga an kafa shi ya fi yanka sabo haɗari, musamman da yake ramin wanke-wanke yana kusa, wurin kuma siriri ne, yana iya tsagewa. Ya ce zai zo, amma yana kan wani aiki a Unguwar Gano, sai mako mai zuwa.

Na dawo gida da niyyar in lallaɓa Malam da maganar. Ina shiga falo na ga inji a kan tebur, irin wanda ake yanka tayil da shi, da sabon faifai a cikin kwalinsa. Malam ne ya aro shi wurin maƙwabcinmu, wani mutumin Filato da ya daɗe a layinmu.

"Malam, na yi magana da mai aikin dutse," na ce. "Zai zo mako mai zuwa."

"Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni. Ya ce wurin yana iya tsagewa."

"Ai dole ya ce haka, abincinsa ne." Ya ɗago ya dube ni. "Faɗi abin da ke ranki, Malama. Dutsen kike ji wa tsoro?"

Na san abin da yake so in furta, na kuma san in na furta shi ba zai goge ba. Na ce dutsen nake ji wa tsoro. Ya ce to, dutsensa ne.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo wuta. Na yi tunanin in tafi gidan ƙanwata a Daurawa don kada in gani, amma na kasa barinsa shi kaɗai da wannan inji. Na kashe tukunyar gas na mirgina ta tsakar gida. Shi kuma ya manna salatif a kan dutsen, ya ja layi da fensir, ya ɗaura takunkumi, ya saka tabaransa na karatu. Ya jawo wayar wuta daga soket ɗin da ke bayan ƙofa. Ya miƙo mini robar ruwa da ya huda murfinta, ya ce in riƙa tsiyaya a kan layin saboda ƙura.

Da ya kunna, ƙarar ta cika kicin har cikin haƙorana. Faifan ya taɓa dutsen, farar laka ta fara fantsama a bango da gaban rigarsa. Idona ba a kan layin yake ba, a kan hannun hagunsa yake, wanda ya riƙe ƙaramin mariƙin gefe. Jijiyoyinsa sun tashi. Yatsun suna zamewa, yana mayar da su. Amma yankan yana tafiya, a miƙe kuwa. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ruwa yana gangarowa ƙasa yana taruwa a ƙafafunmu.

Ya kai wajen rabi sai aka ɗauke wuta.

Injin ya yi shiru da faifansa a cikin dutsen. Malam ya saki, ya ja takunkumin ƙasa, ya jingina da bango yana haki. Hannun yana karkarwa sosai, ya tura shi cikin aljihu.

"Malam, ya isa haka," na ce. "Ka yi rabi, kowa ya gani. A bar wa mutumin sauran."

"Wane ne kowa?"

"Ni."

"Ke da kika tafi Tarauni a bayan idona?"

Muka shiga musu, irin wanda ba a ɗaga murya. Ya ce tun da ya kwanta ciwo na mayar da shi kayan ado a gidansa, ko kwan fitila ba na bari ya canza. Na ce ni na kwana a kujerar asibiti ina kallon bakinsa a karkace, ba zan sake ba. Muna cikin haka, ni ina tsaye kusa da kantar, shi yana bakin ƙofa, babu wanda ya tuna cewa makunnin injin yana nan a danne.

Aka dawo da wuta.

Ban ga tashinsa ba, ƙara kawai na ji. Injin ya fizge kansa daga cikin yankan, ya yi tsalle a kan dutsen, ya ja wani dogon zane, ya faɗo ƙasa cikin ruwan yana juyi. Na manne da kantar, babu inda zan bi, sabon murhun ya tare hanya. Na ji wani abu ya daki idon sawuna. Sai kuma shiru. Da na waiga, Malam yana durƙushe a bayan ƙofa, wayar tana hannunsa, ya tumɓuke ta har da murfin soket ɗin.

Faifan ya ɓalle gefe guda, ɓallin ne ya yanke ni, ba mai zurfi ba, amma jini ya ɓata silifas ɗina. Malam ya rarrafo ya ɗaga ƙafar ya duba. Ya ciro hankicinsa ya danne wurin, bai dube ni ba.

"Kina da lambar mutumin?" ya ce.

"Ina da ita."

"Ki kira shi."

Mai aikin bai zo ranar da ya ce ba, sai bayan kwanaki, muna ta girki a kan risho a tsakar gida. Da ya zo ya dubi rabin yankan, ya dubi zanen, bai tambayi komai ba, ya ce dai ba zai yi alkawarin wurin ba zai tsage ba. Ya tokare ƙarƙashin dutsen da katako, ya ƙarasa a hankali. Duk da haka, daf da ƙarshe wata 'yar kusurwa ta ɓare ta baya, ya cike ta da gam. Zanen saman kuwa ya ce ya yi zurfi, ba zai fita ba. Malam yana zaune a kujera a bakin ƙofa har aka tura murhun ya shige gurbinsa.

Mutumin ya manta da abin goge bakin dutse, ya ce zai dawo da shi, bai dawo ba. Bakin dutsen ya zauna da kaifi yana kama mini zane. Wata safiya na tarar da Malam ya jiƙa dutsen wasa wuƙa yana goga wurin kaɗan-kaɗan. Ya ɗauki makonni yana yi, kullum bayan karin kumallo, in ya gaji ya ajiye. Ni kuma in kewaye shi in ɗora ruwan zafi, in tambaye shi abin da yake so a dafa da rana.