Motar Lurwanu a Bakin Iyaka

Lurwanu ɗan unguwar Ƙurban ne a Madina, a nan aka haife shi, a nan ya yi furfura. Aikinsa tuƙa motar matakala a filin jirgin sama, ya manna ta jikin jirgi alhazai su sauko. Mutumin kirki ne, sai dai idonsa ba ya ganin abu babba ya ƙyale. Shi ne ya taɓa sayo firijin da sai da aka cire ƙofar gida kafin ya shiga.

Wata shekara ya je Jidda ya dawo da mota mai ɗaki, har da gado da murhu da na'urar sanyi, wadda a can ake kira mukayyif. Wai zai riƙa kai iyali bakin teku. Teku dai ba ta gan su ba. Mahaifiyarsa Hajiya Ƙaltume, wadda gwiwa ta hana hawa benen gidansu, ta leƙa ciki ta ji sanyi, ta ce a miƙo mata darduma da buta. Shi ke nan mota ta yi mai ita.

Ana tsakiyar zafi na'urar ta mutu. Tsohuwa ta daina barci, ta daina cin abin kirki, sai fifita da mafici. Hankalin Lurwanu ya tashi sosai, don a fili yake ganin tana ramewa.

Ɗan'inna, makanike ɗan Cadi da ke bayan layinsu, ya ce kwana ɗaya ya ishe shi, in da kaya. Kayan kuwa sai kamfani, kamfani kuma ya ce muddin wani ya kwance ko ƙusa ɗaya, garanti ya tashi. A kawo mota Jidda. Lurwanu ya yi ta naci a waya har suka gaji, suka ce za su turo makanikensu, wani Bafilipine. Sai dai Kirista ne, iyakarsa allon nan na bakin hanya inda haramin Madina ya ƙare.

A nan gizo ya yi saƙa. Hajiya Ƙaltume da ƙafa ta taho daga Damagaram tana budurwa, kuma tun da ta shigo garin Manzo ta yi alkawari ba za ta sake fita ba, kada ajali ya riske ta a waje.

"Inna, ki yini gidan 'yarki Sakinatu mana," in ji Lurwanu. "Kafin la'asar halas, an gama, na dawo miki da motar."

"Ni ba kayan ajiya ba ce, ɗan nan."

"Tayyib, to mu tafi tare."

"Ka fitar da ni daga Madina saboda mukayyif? Gara zafin."

Lurwanu ya yini yana zagaya mota yana sosa ƙeya. Can ya tsaya ya dubi tsawonta, daga hanci zuwa gado, sai ya yi dariya shi kaɗai. Manna mota daidai wuri ai shi ne abincinsa.

Da safe ya tuƙa su zuwa allon. Ya yi gaba kaɗan, ya yi baya kaɗan, yana leƙe ta taga, har inji ya tsallake iyaka, gado na ciki. Hajiya ta ɗaga labule ta tabbatar da idonta cewa allon na gabanta, sannan ta koma ta kishingiɗa. Bafilipinen ya dubi mota, ya dubi Lurwanu, ya buɗe inji. Lurwanu na miƙa masa sifana da shayi, suna hira da guntun Larabci da hannu.

Wajen azahar mutumin ya ce a tayar. Shi ba ya iya zuwa baya ya ji ko sanyi na fita, don haka ya ce a tambayi mama.

"Inna, ya kika ji?" Lurwanu ya kira daga waje.

Shiru. Gabansa ya faɗi, ya buɗe ƙofa da sauri. Sanyi ya doke shi a fuska. Tana kwance, mafici ya suɓuce ƙasa, tana minshari a hankali.

Ya ja ƙofar, ya share ido da bakin hannun riga. Makaniken ya fara tattara ƙarafansa da ƙara, Lurwanu ya ɗora yatsa a baki. Suka zauna a inuwar motar su biyu, suna jira ta farka.