Fitilun da Kawu Ya Karɓo

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai haɗa fitilar caji ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, wurin da in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai. Tebur ɗaya ne a ciki, sai gwangwanaye cike da kusoshi da guntayen waya, da warin dalma da ya kama rigunansa har wanki ba ya fitarwa. Bai yi karatu mai zurfi ba. Tun yana saurayi yake farke matattun rediyo yana leƙa cikinsu, har hannunsa ya faɗa. Da ɗauke wuta ya yi yawa a gari, sai ya fara haɗa fitila da batir da ƙananan ƙwayayen lantarki, a cikin akwatin roba da yake yankawa da kansa. Ta fi ta kanti haske, in ta lalace kuma mai ita ya san ƙofar da zai buga.

Telan da ke kusa da shi ne ya laƙaba masa Injiniya don tsokana, sunan kuwa ya bi shi.

"Injiniya, yaushe za ka haɗa mana jirgin sama?"

"Ranar da ka ɗinka wandon da ƙafafunsa suka zo daidai," in ji Kawu, ko kai bai ɗaga ba.

Allah bai ba su haihuwa ba, shi da matarsa da muke kira Iya, don haka rabin ƙuruciyata a gidansu na yi. Da fitilarsa na yi karatu har na gama makaranta.

Ina aiki a wani kantin magani aka sanar da sabuwar doka: duk kayan lantarkin da za a sayar a ƙasar sai hukuma ta gwada shi ta buga masa tambari. Kasuwa ta ɗauki ƙorafi. Wani dillali ya zo wa Kawu da tambarin jabu a naɗe, ya ce ya riƙa liƙawa kawai, kowa haka yake yi. Kawu ya kore shi. Shi murna ma yake da dokar.

"Gara a gwada," ya ce mini. "Ni na san abin da hannuna ya yi."

Ya sa rigarsa ta fita, ya naɗe fitilu a tsohon zanen Iya, na raka shi ofishin muka bar su. Da suka kira mu, wata matashiyar injiniya ce ta tarbe mu. Ta ce gara ya gani da idonsa. Ta kai mu wani ɗaki, ta nuna mana fitilarsa a bayan gilashi, an jona ta a caji tun safe. Ta murɗa wani abu, wutar ta ƙaru kamar yadda takan zo da ƙarfi a gidajenmu. Muna kallo robar ta fara laushi, ta lanƙwashe, hayaƙi ya fito, sai harshen wuta.

"Baba, aikinka mai tsafta ne, ban taɓa ganin liƙi irin naka ba," ta ce a hankali. "Amma babu abin da zai yanke wuta in batir ya cika. Robar nan kuma tana cin wuta."

"Ai ina gaya wa kowa ya cire in ta cika."

"In mutum ya yi barci fa, Baba?"

Ta nuna masa ɗan ƙaramin abin da zai ƙara da irin robar da zai nema, ta ce ya gyara ya dawo, ƙofa a buɗe take. Ya yi mata godiya. Da muka sauka daga mota a bakin layi, sai ya tsaya.

"To waɗanda ke gidajen mutane fa?"

Babu wanda ya ce masa ya karɓo su. Washegari ya ɗaura buhu a bayan kekensa ya shiga unguwa, gida gida, don ya san kusan kowa da ya taɓa sayar wa. Wasu suka miƙa masa suna jinjina kai. Wasu suka yi dariya, suka ce Injiniya ya tsufa. Ungozomar unguwa ta ɓoye tata a ƙarƙashin gado.

"Jarirai nawa na karɓa da ita? Ka tafi ka ba ni wuri!"

Ya zauna a ƙofar ɗakinta, ya ce ba zai tashi ba. Sai da rana ta kusa faɗuwa ta jefo masa ita tana zaginsa.

Ina tare da shi ranar da ya je gidan wani kafinta, abokinsa tun na yarinta. Shekarun baya an yi gobara a ɗakin yaran kafintan, ƙaramar 'yarsa ta ƙone a fuska da hannu. Kowa ya ce wayar cikin bango ce. Kawu ne ma ya sungumi yarinyar zuwa asibiti, ya ba da jininsa.

"Fitilar nan ta daɗe da ɓata," in ji kafinta, yana ta goge wani katako da ba ya buƙatar guga.

Daga cikin ɗaki matarsa ta ce, "Malam, gaya masa mana. Tunda ya zo da ƙafarsa."

"Ke, rufe mana baki."

"Mene ne?" in ji Kawu.

Kafinta ya ajiye katakon. "Ƙaddara ce, abokina. Mun sami fitilar a narke a jikin soket, kusa da katifa. Na ce kada wanda ya gaya maka. Ka ba ta jininka, me kuma zan ɗora maka?"

Ana haka yarinyar ta fito, ta zama budurwa. Ta durƙusa ta gaida Kawu, ta miƙa masa ruwa. Da hannu biyu ta riƙe kofin, don yatsun hannun dama sun manne da juna. Kawu ya karɓa. Ya tsaya yana kallon yatsun har ruwan ya zuba masa a riga.

"Baba, ba ka da lafiya ne?" ta tambaye shi.

Bai koma ofishin ba. Iya ta roƙe shi, tela ya bar ɗinkinsa ya zo ya yi ta lallashi. Ni da kaina na sayo abin da injiniyar ta nuna, na ajiye masa a tebur. Ya juya shi a tafin hannu, bai kai ƙwayar wake girma ba.

"Wannan ne duka?" ya ce. "Wannan ɗan abin?"

Ya kwance fitilun da ya karɓo ɗaya bayan ɗaya, ya kai batiran inda ake tarawa, ya mayar wa mai bene mabuɗinsa. Daga baya ya samu aikin gadin wata makaranta da rana, yana buɗe ƙofa yana rufewa. Duk ranar hutu sai ya je wurin kafinta ya zauna a benci. Ba sa wata hira. Kafinta na aikinsa, shi yana riƙe masa bakin katako in za a yanka.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba, da damina ne. Bayan masu ta'aziyya sun watse, 'yar kafinta ba ta tafi ba. Ta tattara kwanukan da aka ɓata ta kai bakin famfo. Iya ta ce ta bari, saboda hannunta.

"Na saba, Iya," ta ce.

Iya ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, tana karɓar waɗanda ta wanke tana ɗaurayewa.