Hannun da Na Dangwala da Shi

Tun ina yarinya da sakin hannu nake sallah. Haka na ga uwata tana yi, haka mijina ya yi har aka kai shi makwancinsa. Ban shiga aji ba, allo ma ban yi nisa ba, amma na san inda hannuna yake in na tsaya gaban Ubangijina. Masu ɗora nasu a ƙirji kuwa ba su taɓa tsone mini ido ba. Surukata ma ƙabalu take yi, tabarma ɗaya muke hawa, in mun sallame ta tashi ta ɗora tukunya.

Garinmu a ƙasar Gaya yake, kan hanyar da muke bi mu ci kasuwar Ajingi. Rijiya ɗaya muke da ita a da. Bafillatana ta sha, matar Bamaguje mai kawo mana daddawa ta sha, ba a tambayar kowa komai sai aron guga. Da ta ƙafe muka koma rafi, a tona yashi a zauna jiran ruwa ya tsattsafo.

Sai aka ce gwamnati za ta haƙa mana burtsatse mai aiki da hasken rana. Kansilanmu ɗan ƙanena ne, a bayana ya yi yaye. Muka yi guɗa. Motar haƙa ta zo, ta wuce tsohuwar rijiya, ta wuce gindin tsamiya inda dattawa suka nuna, ta shige harabar sabon masallaci, na su kansila, masu ƙabalu. Aka ɗora tanki, aka ja katanga, aka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Wai kada yara su ɓata.

Ba wanda ya buɗe baki ya ce an hana mu, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Tsari kawai aka yi: mata su zo karatu kafin la'asar, a yi sallah a ciki, sannan a buɗe famfo. Kafin layi ya iso kan waɗanda suka tsaya a waje rana ta yi sanyi, tanki sai ƙugi.

Na je sau ɗaya. Malamar yarinya ce, ranar tana fashin sallah, sai take zagaya sahu. Na yi kabbara ke nan na ji an kamo mini hannuwa an ɗora a ƙirji. A cikin sallah! Na sake su. Aka sake ɗagowa. Na sake saki.

Da muka sallame ta durƙusa gabana tana murmushi.

"Iya, gyara muke yi miki."

"Ke 'yar nan," na ce, "da na fara wannan sallar uwarki ko haƙori ba ta fitar ba. Ruwa na zo ɗiba, ban kawo hannu ɗori ba."

Na ɗauki jarkata wayam na fita. Ni ina da surukar da za ta je rafi. Maƙwabciyata ba ta da kowa. Sa'ata ce, mijinta na kwance ɓarin jikinsa ya shanye, kullum sai ta wanke shimfiɗarsa. Ita ta ci gaba da zuwa. Wata rana na leƙa ta kan darni zan karɓi wuta, na tarar tana azahar ita kaɗai a tsakar gidanta. Hannuwanta suka hau ƙirji, suka sauko, suka tsaya a tsakiya. Babu malama, babu kowa, amma tsohuwa ta rasa inda za ta ajiye hannunta.

Da ta idar ta ga na gani.

"Ƙawa, yaya zan yi? Kayan shimfiɗar maigidana ba sa jiran fatawa."

Ko wutar ban karɓa ba. Na yafa mayafi na nufi gidan kansila, na same shi a zaure cikin mutanensa.

"Honarabul, sannu da mulki."

"Haba Gwaggo, da kin aiko ai ni zan zo."

"Waye ya haƙa burtsatsen nan, liman ko gwamnati?"

"Gwamnati ce, Gwaggo. Amma ai ba a hana kowa ba. Kuma koya wa mata sunna ba laifi ba ne."

"Su koyar, bakinsu ne, masallacinsu ne. Wanda ya so ya je." Na ɗaga masa babban yatsana har kusa da hancinsa. "Ranar zaɓe da wannan na dangwala maka. Da aka shafa masa tawada, wa ya tambaye shi ko a ƙirji yake kwana ko a cinya? Mai karɓar haraji in na kasa ƙuli-ƙuli a kasuwa, ya taɓa cewa in yi raka'a biyu ya gani? Wajen karɓa duk hannu hannu ne, sai wajen bayarwa?"

Wani a cikinsu ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Kansila ya rage murya.

"Gwaggo, bari in sa a ja miki bututu har cikin gida. A bar maganar nan."

"Ni kaɗai nake jin ƙishirwa a garin? Ban goya ka don ka saye ni da bututu ba."

A hanyar komawa limamin tsohon masallaci, namu na masu sakin hannu, ya tare ni, labari ya riga ni isa.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Zaɓe na tafe. In muka kafa namu, tankin nan a ƙofar masallacinmu zai kwana."

Wallahi sai na ji raina ya fi ɓaci. "Allah gafarta malam, ka ja mu sallah, iyakarka ke nan. In tanki ya dawo wajenka, surukata ce za ta tsaya a waje. Kujera daban, mumbari daban. Duk wanda ya haɗa su, mu ne za mu koma tonon yashi."

Washegari na ɗauki jarka da tabarma na shimfiɗa a bakin titi, daidai ƙofar ƙarfen. Aka kira la'asar na tashi na yi abata da sakin hannu, na zauna. Haka kullum. Masu babura suna ragewa su kalla. Wasu mata suka zo da nasu jarkokin, har surukata, ita tana ƙabalunta a gefena. A kasuwa aka fara cewa gwaggon kansila na sallah a titi don ruwa.

Kunya ta yi abin da gaskiya ba ta yi ba. Wata safiya aka fasa katangar aka zuro bututu, aka sa masa kan famfo ɗaya a waje. Maƙwabciyata ta ɗebi ruwanta ba ta zauna karatun kowa ba. Na sake leƙa ta daga baya, hannuwanta na inda uwarta ta bar su.

Ban gode wa kowa ba. Makunnin bututun yana cikin katanga, makullin ƙofar yana aljihun da yake. Ranar da aka yi wa'azi mai zafi a kanmu, ruwan kamar zare yake zuwa. Tabarmata tana nan jingine bayan ƙofa, ban naɗe ta ba.