Baƙuwar Kakana a Gurbin Saga

Numfashi ne ya tsayar da ni. Ina kan keken ɗinki a ɗakina a Banifandu cikin Yamai, 'yata ƙarama na gefe tana latsa salular babanta, sai na ji wani huci mai nauyi ya fito daga ciki, kamar an buɗe bakin zugazugi. Ƙafata ta tsaya cak a kan keken. Yarinyar ta miƙo mini na duba. Wata ƙatuwar dabbar teku ce, irin kifin nan mai shayar da 'ya'yansa nono, ruwa ya janye ya bar ta a kan rairayi a wata ƙasa mai nisa, mutane sun kewaye ta suna watsa mata ruwa da bokiti. Ban taɓa ganin teku ba, amma wallahi na san wannan hucin, kuma na san nauyin wannan bokitin.

A Saga na girma, a gidan kakana na wajen uba. Basarke ne, masunci ɗan masunci, daga gabas ya biyo kogin Isa da jirginsa tun yana saurayi, ya ga wuri ya yi masa, ya kafa bukka. Gidanmu ƙarnin kifi da hayaƙin banda ne, ko sallah aka yi mana sabbin kaya, kafin la'asar sun ɗauki warin gida. A lakwal 'yan ajinmu suna toshe hanci in na wuce, ni kuwa ina ce musu wanda ya ƙi warin ai bai ƙi romon ba.

Bayan gonakin shinkafa akwai wani gurbi mai zurfi inda ciyawar burgu ke yin duhu. Nan kakana yake zuwa da hantsi ba tare da koma ba, ba ƙugiya, ya zauna a gindin jirgi ya yi shiru. Ni ce 'yar lelensa, har yana kirana amaryarsa don ya ba kakata haushi, saboda haka ni kaɗai yake ɗauka. Ran da na fara ganinta, hanci biyu ne kawai suka ɓullo a kan ruwa, suka buɗe, aka yi wannan hucin, suka rufe. Daga baya na ga bayanta, toka-toka, faɗinsa ya kusa tabarma, da wutsiya zagayayya kamar faifai. Na ɗaga yatsa zan nuna, ya kama hannuna ya mayar ƙasa.

"Ba a nuna baƙuwa," in ji shi. "Ba a kuma faɗin inda ta sauka."

Ayu ce. Amma a gidanmu ba a kiran sunan a bakin ruwa, baƙuwa ake cewa. Kakata ta ba ni labari cewa da can shi ma ya farauci ayu, har ana yi masa kirari. Ta ƙarshe da ya soka, sai da aka jawo ta gaɓa ya ga nono na zuba a hammatarta. Daga ranar ya rataye mashinsa a rufin ɗaki, can na tarar da shi, tsatsa ta cinye. Kun san yadda mutane suke da man ayu. An ce maganin farin jini ne, an ce yana riƙe miji, ana sayensa da tsada a ɗan kwalabe. Shi ya sa shirun kakana ba al'ada ce kawai ba, shi ne katangar da ya iya gina mata.

Akwai wata madam daga iniversite da ke zuwa duk shekara in ruwa ya cika. Doguwa ce, da hular kaba da takalmin roba har gwiwa, Hausarta ta kasuwa ce, ta Bazabarmiyar Yamai, tana mai da mace namiji ba ta damu ba. Aikinta binciken dabbobin ruwa. Tana yawo a jirgi tana duba ciyawar da aka ci, tana tambayar masunta. Ta kan durƙusa ta gai da kakana, a kawo mata fura, su yi hirar ruwa da kifi kamar uba da 'ya. In ta zo kan tambayarta, ko ya ga ayu a bana, sai ya dubi kogi ya ce, "Ban sani ba." Ina zaune ina cizon leɓe, maganar tana yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ita kuma ta yi murmushi ta tafi. Ina jin ta san ya sani.

Shekarar da abin ya faru, bazara ta zo da mugunta. Isa ya janye har yara suna buga ƙwallo a inda jirage ke wucewa. Baƙuwa ta saba komawa zurfi kafin ruwa ya ja, amma wannan karon ta makara, rairayi ya taso ya raba gurbin da kogi. Da farko kakana bai tsorata ba. Ya ce gurbin bai taɓa ƙafewa ba tun zuwansa. Muka riƙa yanko burgu muna kai mata, kamar masu kiwon saniya. Ruwan yana raguwa, yana ɗumi, yana yin kore. Babana da ƙannensa suka ɗauki shebur suka fara haƙa hanya zuwa kogi, suna ce wa masu tambaya ban ruwa za su yi. Abin da suka haƙa da safe, kafin azahar rairayi ya rufta ya cike.

Babana ya ce a gaya wa madam. Kakana ya ƙi. Aka kwana, aka tashi, ya sake ƙi. Sai da bayanta ya fito fili, rana ta fara tsattsaga fatar, sannan ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau taksi zuwa ofishin madam, shi da bai taɓa shiga biro ba. Da ya dawo bai ci abinci ba. Kakata ta ce kamar wanda ya kai 'yarsa kasuwa.

Madam ba ta yi wasa ba, hakkinta ne in faɗa. Amma neman kamyo, babbar motar da za ta kai baƙuwa kogi, da izinin masu gandun daji ya ci kwanaki, daga wannan biro a unguwar Filato zuwa wancan. Mu dai muna gurbin. Ni da kakata da matan gida muka jera daga bakin kogi, bokiti na bin hannu, muna zuba mata. Mun rufa mata tsofaffin zannuwa jiƙaƙƙu. Idanunta 'yan ƙanana ne kamar na jariri, ba ta kuka, ba ta fizga, sai dai wannan hucin, kuma tazarar da ke tsakanin huci da huci tana ƙara tsawo. Hannuwana suka yi kanta. Ina zubawa rana na shanyewa, ban taɓa jin ƙanƙantata irin ta lokacin ba.

Ran da kamyon ya zo, gari ya biyo shi. Motar ba ta iya wuce kunyar shinkafa ba, ta tsaya nesa, amma ƙafafun mutane sun wuce. Wasu kallo ya kawo su, wasu kuwa na ga kwalabe a aljihunsu. Aka shimfiɗa bash, wato tamfal, maza suka taru, da salati da kabbara aka mirgina ta a kai. Suka ɗaga, suka yi taku kaɗan, ƙafafu suka nutse a rairayi, aka sauke. Aka sake. Kogin yana nan gabanmu, muna ganin ƙyallinsa. A saukewa ta ƙarshe na jira hucin, ban ji ba. Kakana ya sa tafin hannu a kan hancinta ya daɗe, sannan ya cire hularsa.

Madam ta durƙusa kusa da shi, hawaye na bin fuskarta. Ta ce, "Baba, da ka gaya mini tun da wuri."

Ya nuna mata taron da haɓa. "Da na gaya miki tun da wuri, 'yata, da waɗannan sun zo tun da wuri."

 Har yau ina juya maganganun nan biyu, ban samu wadda zan ƙaryata ba. Madam ta auna tsawon baƙuwar da igiyar awo, ta yanki ɗan guntun fata ta sa a kwalba, aikin da ya rage mata ke nan. Aka binne ta a gaban masu gandun daji. Washegari muka tarar an tone ramin. Kakana ya tsaya a kai bai zagi kowa ba, kuma da ya yi zagin da na fi samun sauƙi. Ba a daɗe ba hadari ya haɗu, jan ruwa ya sauko, gurbin ya cika har ya tumbatsa. Kakana bai sake zuwa wajen ba. Madam ta ci gaba da kawo masa goro har ya rasu, amma ba ta ƙara yi masa tambayar ba.

Yanzu ina zaune a unguwar da ko ƙamshin kogi ba ya isowa. In na je Saga gaisuwa, gidajen siminti sun ci rabin hanyar da muke bi, 'ya'yan ƙannen babana sun bar kamun kifi sun koma kabu-kabu. Hoton da ke salular ya ƙare mutanen suna kan zuba ruwa, ba a nuna ƙarshen ba. Na gaya wa 'yata mu ma muna da irinta a Isa, ƙarama dai, mai cin ciyawa. Ta zaro ido ta ce, "Inna, har yanzu akwai su?"

Na buɗe baki, sai amsar kakana ta fito. "Ban sani ba." Shi yana faɗa ne da baƙuwa kwance a gurbinsa tana cin burgu. Ni kuwa ba abin da nake ɓoyewa.