Ƙafar Inna Ta Ƙarƙashin Labule

Mijina likitan fata ne, kuma duk wadda ta auri likitan fata ta san ba ta cin abinci cikin kwanciyar hankali. Kina kai loma, shi yana juyo miki kwamfuta yana cewa, "Dubi wannan, don Allah dubi wannan!" Ki duba, ki ga tafin ƙafar wani bawan Allah ya zama gyambo. A lokacin da nake ba da labari, bincike yake yi a kan wata cutar daji ta fata da suke kira melanoma. Ya ce Turawa a baya ko a fuska ta fi fito musu, mu kuwa baƙaƙe sai ta laɓe a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, inda ba mai dubawa. Tana farawa kamar ɗigon tawada, ba zafi ba ƙaiƙayi. Abin da ke ci masa rai shi ne mutane ba sa zuwa asibiti sai ta fashe, an sha jiƙo an shafa man kaɗanya an gaji, kaluluwa ta fito a matsematsi. In ya kama wannan bayani sai miya ta huce. Na sha gaya masa ni malamar lissafi ce, a bar ni da allona. Ashe duk mitar nan da nake yi, idona yana haddacewa.

Mu a Hanwa muke zaune, Inna kuwa, mahaifiyata, tana gidanmu na Tudun Wada tun bayan rasuwar Baba. Ni ce 'yar farinta, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, in kuma ba na wurin, "waccan". To in ni ma da ta haifa haka take yi da ni, ina ga mijina? In ya zo gaisuwa, daga nesa yake tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa, ita tana can ƙuryar ɗaki labule a sake. Ya gaida ta, ta amsa can ƙasan maƙoshi, sai kuma ta ce da ni, "A ce masa an gode." Na rantse da za su yi karo a kasuwa, ba lallai ta gane shi ba.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah na je yi mata ƙunshi. Da ƙanwata ce ke yi mata, amma an yi mata aure an kai ta Kaduna, aikin ya faɗo kaina. Inna ba ta rabo da jan lalle, wani bai gama zuba ba an ɗora wani, sai a wannan karon da rashin mai yi ya sa ƙafar ta washe. Na jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi, na ɗauko dutsen goge kaushi, na ɗaga ta hagu na ɗora a cinyata. A nan na gan shi, a tsakiyar tafin, wajen dunduniya. Faɗinsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Gefe ɗaya baƙi ƙirin, gefe ɗaya ruwan ƙasa, bakinsa kuma ba a zagaye yake ba, ya yi yatsu-yatsu. Na san wannan hoton, na sha ganinsa a kan teburin cin abinci.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Tawadar Allah ce. Ƙunsa mini lallena."

"Tun yaushe take nan?"

"Wa ke zama yana kallon tafin ƙafarsa? Da dai ƙarama ce."

Wannan "da dai ƙarama ce" ita ta tsayar mini da numfashi. Na ture kwanon lallen gefe na ce ba zan rufe wurin ba. Inna ta ce tunda take ba ta taɓa yin Sallah da farar ƙafa ba, kuma ba a kaina za ta fara ba. Na ɗauki hoto da waya, na fita na tare keke, ko sallamar kirki ban yi mata ba.

Da mijina ya ga hoton, sai ya miƙe tsaye. Ya zauna, ya sake miƙewa. Tsoro na gani a fuskarsa, amma har da wani zumuɗi da ya kasa ɓoyewa. Ya ce, "Bai fashe ba! Kin gani? Ko tasowa bai yi ba. In shi ne, to mun riga shi." Ya ce amma hoton waya ba ya yanke hukunci, sai ya ɗora na'urarsa a kan fatar ya leƙa. Na'urar 'yar ƙarama ce kamar tocila, da gilashi mai ƙara girman abu. Ya ce a wannan ciwon zurfi shi ne komai: in yana saman fata aka cire shi, mutum ya ci gaba da rayuwarsa, in kuwa ya nutsa, wani lokacin ko an yanke ƙafar ba a tsira.

Washegari na kai wa Inna saƙo. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Surukina? Ya kama ƙafata? Ke kina da hankali kuwa?"

Na ce to mu je asibiti wani ya duba. Ta ce ba za ta je ta bi layi da marasa lafiya ba a kan abin da ba ya mata ciwo, kada ta ja wa kanta jinya da bakinta. Likitar fata mace da mijina ya sani ta tafi ƙaro ilimi, ba ranar dawowarta kusa. Na yi lallashi, na yi wa'azi, na ce ai ko malamai sun halatta, lalura ce. Ta ce ba malamai ne za su haɗa ido da shi ba. Zuciya ta ɗebe ni, don ni ba ni da doguwar igiya, na ce, "To ki zauna kunya ta cinye miki ƙafa!" Ta juya mini baya ta ja carbinta. Na fito ina kuka, na wuce Gyallesu wurin Goggo.

Goggo ƙanwar Babanmu ce, ita kaɗai ce a duniya ke gaya wa Inna magana ta zauna. Ina gama bayani ta yafa mayafi ta ce mu tafi. Tun daga zaure ta fara.

"Ina mai kunyar? Ke, tambayarki zan yi. Kunyar nan taki a ido take ko a ƙafa?"

Inna ta ce, "A ido mana."

"To shi kenan. Ido ya zauna a ɗaki, ƙafa ta fito waje. Labulen nan naki ai bai kai ƙasa ba. Ki miƙo ta ta ƙarƙashi, yaro ya duba abinsa ya tafi. Bai gan ki ba, ba ki gan shi ba. Ko kina so in je lahira in gaya wa yayana mun bar ki kin ruɓe saboda yanga?"

Can Inna ta ce, "To, amma ban da magana."

Wayyo daɗi! A nan tsakar gida na kira mijina a waya. Kafin la'asar ya iso da 'yar jakarsa, ya sha babbar riga da hula sai ka ce ɗaurin aure zai je. Ya tuɓe takalmi, ya yi gaisuwarsa yadda ya saba. Goggo tana ciki tare da Inna, ni ina waje. Muka ji ana 'yar kokawa da raɗa-raɗa, labule ya motsa, sai ga ƙafa ta leƙo a hankali, an naɗe ta da zane har idon sawu. Ya durƙusa a kan siminti, ya yi bisimilla, ya ɗiga ɗan mai a wurin, ya ɗora na'urar ya kunna fitila. Yatsun Inna suka dunƙule. Daga ciki na ji Goggo tana cewa, "Saki jikinki, ba yanka ki zai yi ba."

An hana shi magana, don haka da hannu ya yafito ni. Na sa ido a gilashin. Ban taɓa sanin haka tafin ƙafa yake ba! Layi-layi ne reras, tudu da kwari, tudu da kwari, da 'yan ɗigo farare a jere a kan kowane tudu. Ya matso da baki kusa da kunnena ya ce in duba inda baƙin ya kwanta. Tawadar Allah ta gaskiya a kwari take bi, wannan kuwa ya hau kan tudun ya baje. Na gane tun kafin ya ƙarasa. Tsoro ya kama ni, amma wallahi har da murna, don na ga abokin gaba ido da ido tun yana ƙarami.

Ya saki ƙafar, ta koma ciki da sauri. Ya ja da baya ya ce da ni da ƙarfi, yadda na ciki za su ji, "A gaya wa Inna abin yana buƙatar a cire shi, kuma da wuri. Ina roƙon arziki."

Can sai muryarta: "A ce masa an ji."

Abokin aikinsa ne ya yi aikin, shi ko ɗakin bai shiga ba, a baranda ya yi ta safa da marwa. Aka yanko wurin aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya ce ita ce, melanoma, amma siririya, ba ta yi nisa ba. Sai aka sake shiga da ita aka faɗaɗa yankan don kada a bar ko burbushi, aka ɗebo fata daga cinyarta aka lulluɓe gurbin. Wannan naman ma aka aika da shi gwaji, a ga ko gefensa tsaf yake. Shi ne jiran da ya fi kowanne tsawo.

Muka dawo da ita Tudun Wada, na tare a gidan ina jinya. Ciwo ya warke, an kwance bandeji, likita ya ce ta fara takawa, Inna ta ce atafau. Ƙafar a ɗage take yini, in za ta alwala sai ta rataya a kafaɗata tana ɗingishi da ɗaya. Na yi faɗa har na gaji. Wata rana ina shafa mata mai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mene ne amfanin in saba da ita, in ƙarshenta yankewa za a yi?" Sai a ranar na san abin da take ɗauke da shi a ciki, na daina faɗan.

Ranar da sakamakon ya fito da hantsi ne. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida tana shan iska, kanta ko ɗankwali babu, ina taje mata furfura, Goggo tana gefe tana gyaran zogale. Muka ji an faka mota da ƙarfi a waje. Kafin mu ankara sai ga mutum ya faɗo gidan a guje, da farar rigar aiki, da takalmi a ƙafarsa, sallamar ma a tsakiyar gida ya ƙarasa ta. Mutumin da bai taɓa wuce bakin ƙofa ba sai an yi masa iso!

"Tsaf yake! Ba a bar komai ba! Gefen duk tsaf yake!"

Inna ta ɗaga kai suka haɗa ido. Ta yi salati, ta dafe kanta da hannu biyu, ta zabura ta miƙe, ta ruga ɗaki da ƙafafunta biyu, ta saki labule. Matajin yana hannuna, bakina a buɗe.

Mijina ya nuna ƙofar da yatsa, yana dariya hawaye na zuba. "Kin gani? Ta taka! Wallahi da gudu ta taka!" Goggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Sai a lokacin ya dubi ƙafarsa ya ga takalmi, ya koma zaure da baya da baya.

Na bi Inna ɗaki. Na same ta a tsaye a tsakiyar ɗakin, tana haki, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafar hagun da ke dafe da ƙasa. Ta ɗaga ta, ta sake ajiyewa, ta danna da ƙarfi.

Ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce an cire duka. Za a riƙa duba ki lokaci-lokaci, amma ba za a yanke ba, Inna."

Ta taka zuwa bakin gado, ta juyo, ta taka zuwa ƙofa, ta sake komawa. Na tsaya ina kallonta tana kai da kawowa a ɗan ɗakin nan, hawaye na bin kumatunta, ta ƙi zama.