Lamba Talatin da Ɗaya a Hular Gwaggo

Ranar da aka sayar da golan ƙungiyarmu ina tsaye a barandar ofis a Dutse, ruwan farkon Yuli yana zuba, ina jiran ya tsagaita in nemi adaidaita. Na zaro waya don in rage lokaci, sai ga hotonsa. Mutumin da na shekara shida ina kallonsa cikin shuɗi da fari, ga shi sanye da jar riga, rigar ƙungiyar da muka fi tsana a duniya, yana murmushi. A ƙasan hoton an rubuta wai yana murnar sabon gida. Sabon gida! Sai da na karanta sau uku.

Wasan da nake magana a kai hoki ne, wanda ake yi a kan ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Maza shida-shida, da takalma masu kaifin wuƙa a ƙasa, da sanduna masu lanƙwasa, suna bin wani ɗan baƙin faifai da bai fi gwangwanin man takalmi ba. A waya na ci karo da shi wata rana, ban nema ba, kuma tun daga ranar ban sake samun kaina ba. Kowace safiya kafin a buɗe fayil na farko sai na kalli taƙaitaccen wasan da aka yi. A duk faɗin ma'aikatarmu ni kaɗai ne. Masu ƙwallon ƙafa suna da gidajen kallo, suna da abokan musu. Ni kuwa in mun ci, sai dai in yi wa bango murmushi.

Na taso da karatun littattafan soyayyar da yayata take sayowa a kasuwa tana tura su ƙarƙashin katifa. A cikinsu na koyi cewa namijin gaske shi ne wanda ya tsaya a ƙofa ɗaya, ko ruwa ko rana, ko an kore shi ko an zage shi. Da na ga golan nan a durƙushe gaban raga, faifai yana dukansa a ƙirji da wuya da gwiwa, yana miƙewa yana sake durƙusawa, sai na ce to ga shi nan, ashe akwai su a zahiri. Lambarsa talatin da ɗaya.

Kakar wasa tana ƙarewa ne daidai lokacin da damina take kankama a wajenmu, kuma ba a dawowa sai gero ya nuna. Wata huɗu babu wasa. Abin da mai goyon baya yake ci a wannan tsakanin jita-jita ce kawai: wane zai tafi, wane ya ƙi sa hannu, wane an gan shi a filin jirgi. Masu ƙungiya suna zaune a ɗaki mai sanyi suna musayar mutane kamar ana musayar awaki ranar kasuwa. Namu golan sun ba da shi ne a kan 'yan wasa biyu da ban taɓa jin ɗuriyarsu ba, da kuma damar zaɓar wani sabon ɗan wasa a baɗi. Wato sun musanya shi da mutumin da su kansu ba su san ko wane ne ba. Bayan kwana biyu labari ya fito cewa shi ne ma ya nemi a sake shi. Wannan ya fi ƙona min rai.

Da abin ya tsaya a waya, da na yi fushina na huce. Amma akwai hula.

Gwaggona, yayar mahaifina, tana Garki. Ita ta riƙe ni tun ina aji uku har na gama sakandare, kuma da allura ta riƙe ni, don sana'arta ɗinkin hula ce. Sunan mahaifinsu aka sa min, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana. A ƙaramar sallar shekarar ta ce min idonta ya fara yi mata hazo, hula ɗaya ta rage mata a hannu, kuma tawa ce, in kawo zanen da nake so. Na sayi farin ƙyalle da shuɗin zare, na kai wa mai zanen hula a kasuwar Dutse, na ce ya zana min talatin da ɗaya a gaba, a tsakiyar ado. Ya ɗago ya dube ni, ya ce shi dai tunda yake bai taɓa zana wa hula lambar mota ba. Ya zana. Na kai wa Gwaggo, na yi lissafin cewa ranar da za a buɗe sabuwar kakar wasa zan shiga ofis da ita a kaina.

Direban ofishinmu, wani dattijon Bafulatani da muke wasa da shi, shi ne kaɗai ya san zancen hular. Washegarin labarin ya same ni na tasa fayil a gaba ban buɗe ba.

"Sarkin ƙanƙara, na ji an ce bijimin naka ya bi wani garke."

"Baffa, don Allah ka ƙyale ni yau."

"To ni abin da ban gane ba ke nan. Ƙarti sha biyu, kowa da sandarsa, babu saniya ko ɗaya a gabansu. Yanzu shi wannan da ka ɗaure wa fuska saboda shi, ya san akwai wani gari wai shi Dutse?"

"Ba sai ya sani ba. Amana amana ce."

"Wace amana? Kai ka ba shi ajiya?" Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Sai ka sa hular haka nan, mu riƙa kiranka talatin da ɗaya. Ni zan fara."

Wannan maganar ce ta tashe ni. Na ga kaina ina yawo a Dutse da lambar maci amana a goshi, na ce wallahi ba za a yi haka da ni ba. Ranar Asabar da sassafe na hau motar Garki. Duk hanya gero ya yi kore shar, mata da maza suna noman farko, ni kuwa ina ta shirya wa wani Bature baƙaƙen maganganu a zuci.

Na sami Gwaggo a inda take zama kullum, bakin ƙofar ɗakinta ta gabas, ƙyallen a kan cinyarta. Bayan mun gaisa ta ɗaga min shi da murna. Lambar ta riga ta gama ta. Sauran jikin hular kuwa ko rabi bai kai ba.

"Da ita na fara, Babana," ta ce. "Ita ce mai ƙananan idanun ɗinki. Daga hantsi zuwa kafin rana ta take nake iya ganinta, shi ma ba kullum ba. Sati biyar na yi a kanta. Sauran ai ko da lalube zan cike."

Ya kamata in yi shiru a nan. Na sani, kuma a lokacin ma na sani. Amma ina kallon shuɗin zaren sai jar rigar nan ta faɗo min a rai.

"Gwaggo, so nake a warware ta."

"A warware me?"

"Lambar. Mai ita ya ci amana. Ya koma wajen abokan gaba."

"Wane ne shi? Ɗan ofishinku ne?"

"A'a, wani ɗan wasa ne a ƙasar Turawa."

"Ya ci maka wani abu?"

"Gwaggo, ba za ki gane ba. Ni dai ba zan sa ta a kaina ba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta laluba cikin kwanon zarenta ta ɗauko reza ta miƙo min tare da ƙyallen.

"Mu a wajen wadda ta koya mana, mai ɗinki ba ta warware aikin da babu kuskure a cikinsa. In mai hula ne ya sake shawara, shi zai warware da hannunsa, a gabanta. Bismilla."

Na ɗauka tsoratarwa ce, kuma fushi bai bar ni na tsorata ba. Na karɓa na zauna a tabarma. Ashe abin da ido yake gani kamar layi ɗaya ɗaruruwan ƙananan ƙulli ne, kowane an zagaye shi da zare an ja an ɗaure. Ina yanka, shuɗin zare yana zubowa a kan wandona kamar gashi a wajen wanzami. Gwaggo tana gefe tana tsince wake, ba ta ko dube ni ba. Na gama da ukun, na shiga ɗayan, hannuna ya gaji, rezar ta zame ta tsaga ƙyallen kamar tsawon gaɓar yatsa. Da na ɗaga shi sai rana ta ɓullo ta cikin hudojin allurarta, lambar tana nan ɓaro-ɓaro, sai dai yanzu da ramuka aka rubuta ta.

"Sai ki cike wajen da wani ado," na ce, muryata ta yi ƙasa.

Ta karɓa ta shafa wajen da babban yatsa. Ta ninke shi huɗu, ta sa a cikin kwalla ta rufe.

"Ka ci abinci kafin ka tafi," ta ce.

Sauran hutun wasan na yi shi ne ina zagin kowa. Na zagi masu ƙungiya, na zagi golan, na shiga shafin magoya baya na rubuta musu doguwar magana da Turancina na ofis, ba wanda ya tanka. Direbanmu ya tambaye ni hula sau ɗaya, da ya ga fuskata bai sake ba.

Ana saura mako biyu a buɗe kakar wasa, ƙungiya ta fitar da hoton sabon golan da ta ɗauko. Dogo ne, siriri, kunnuwa a baje. Ya juya baya yana nuna rigarsa da manyan yatsu biyu. Talatin da ɗaya. Ashe su a wajensu lambar ba ta kowa ba ce, riga ce kawai a rataye, wanda ya zo ya ɗauka. Na kifa wayar a tebur da ƙarfin da sai da gilashinta ya tsage.

Na koma Garki ana tsakiyar girbi, da sabon ƙyalle da sabon zare, an sake zana min komai. Na durƙusa na yi mata bayani tiryan-tiryan, na ba ta haƙuri. Ta saurare ni har ƙarshe, har ta ɗan yi dariya da na zo wajen kunnuwan. Sannan ta ɗauki ƙyallen ta kai shi dab da fuskarta, ta matsa da shi wajen haske, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa.

"An yi zanen kuwa?" ta ce.

"An yi, Gwaggo. Ga shi nan da shuɗin biro."

"To ni fari kawai nake gani, Babana." Ta ajiye min shi a kan gwiwa. "Ka kai wa wata. Akwai masu hannu a bayan masallaci."

Ban kai wa kowa ba. Na roƙe ta ta ba ni na farkon, wanda na tsaga, ta ce a'a, wannan nata ne.