Fatna da Akwatin Matan Indiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Fatna Osman a gidanta da ke unguwar Ƙiblatain a Madina, tana da shekara sittin da ɗaya. An yi mata sallah a Harami, maza suka kai ta Baƙi'a, mu mata muka zauna a gida muna kallon juna.

Fatna, mutane sun san ki da lalle da sakin hannu. Babu amaryar da aka yi a danginmu da ba ki ƙawata hannunta ba, kuma ko shayin gidan biki sai an yi da gaske kike sha. Amma ni da muka sha nono ɗaya na san abin da ya fi zama a ranki: alƙalamin ƙarfe, kwalbar tawada, da matan Indiya.

Abin ya samo asali ne tun muna tsohuwar unguwarmu ta kusa da Harami, wadda yau ko ƙofa ɗaya ba ta rage ba. Maƙwabciyarmu Bibi Zulaiha, 'yar Haidarabad ta Indiya mai ɗinki, ita ta riƙe mu lokacin da Inna ta yi doguwar jinya. Ita ke shafa mana man kwakwa a kai, ta ba mu shinkafa mai yaji mu ci muna hawaye muna neman ƙari. Da za ta koma ƙasarsu kika zaunar da ita kika zana ta: ninkin sarinta, wato zanen da matan Indiya ke ɗaurawa, awarwaronta, ɗan zoben hanci, har tabon da ke gefen girarta. Ni kuwa lokacin ina ji da karatun da bai cika cokali ba. Na ce haramun ne, na jefa takardar a murhu. Ba ki yi kuka a gabana ba, kuma har kika koma ga Allah ba ki taɓa yi mini gori ba.

Shekara talatin kika yi kina aiki a masaukin alhazan Indiya, duk tsohuwar da ta yarda sai kin zana ta. Ba kya farawa da fensir. Kin ce tawada ba ta san a yi haƙuri ba, shi ya sa take koya wa mutum natsuwa. Idan kin gama sai ki ja siririn layi a wuya, yadda wani malami ya ba ki shawara, don kada zanen ya cika siffar mai rai. Wadda ta so nata ki ba ta, sauran ki zuba a akwati. Na daɗe ban gane fuskar Bibi kike nema a fuskokinsu ba, sai ranar da kika ce mini, "Yaya, hancin ina samunsa, idon ne ya ƙi dawowa." Ranar ban iya cin abinci ba.

Kwana uku da rasuwarki ɗanki Ubaidullah ya ajiye akwatin a gabana. Ba ƙinki yake yi ba, tsoro yake ji miki. Ya kira ni inna da Larabci, ya ce, "Ya Khala, kada a tambaye ta zanen nan a kabari. Ke ce babba. In kin ce a ƙona, khalas, shi ke nan, yau za a ƙona."

Na buɗe. Mata sun fi ɗari biyu, wata da carbi, wata ta ja mayafi da haƙori tana dariya, warin tawadarki bai bar takardun ba. Na ce masa, "Ɗana, ni ba malama ba ce. Je ka tambayi masana a tsanake, amma akwatin nan ɗakina zai zauna. Hannun nan ya ƙona mata zane ɗaya, ba zai ƙara ba." Ya sunkuyar da kai, ya ɗauka da kansa ya sa mini a mota.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki cikin ceton Manzon da kika rayu kika mutu a maƙwabtakarsa. In akwai kuskure a abin da hannunki ya zana, Ya shafe shi da rahamarSa. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki Ubaidullah da Sundus da Huda da dukkan dangi na Madina da Makka, Allah Ya ba mu haƙuri.

Ni kuma gafarar da girman kai ya hana ni nema shekara arba'in da bakwai, yau nake nemanta, ranar da ba za ki amsa ba. Ki yafe mini, Fatna.

Yayarki, Ƙaltume